Wai me ya sa ake yi wa Yanni dariya? Kuma za a iya irin wasansa a Kaduna?

Mai gyaran rediyo, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai haɗa ni da wanda ya fi ni sani.

Ni sana'ata gyaran kayan sauti, rediyo da amfilifaya da sifiku. Duk sifikar da na gama gyarawa, da kiɗa ɗaya nake gwada ta, wato "Santorini" na Yanni, wani makaɗi ɗan ƙasar Girka, wanda aka ɗauka a wasansa na Akrofolis, wurin tarihin nan da ke birnin Atina. Ina da dalili na aiki. A farkon kiɗan akwai ƙasa akwai sama, ga ganguna masu nauyi, ga ƙahoni, ga gogunan Turawa suna tashi gaba ɗaya, to in takardar sifika ta tsage ko kwail ya fara guga, nan take kunne zai kama. Amma maganar Allah ba aikin kaɗai ba ne. Ina son kiɗan mutumin nan tun ina ɗan shekara goma sha biyu.

Kawuna ne ya kawo mana kaset ɗin bidiyon, lokacin yana aikin masaƙa a Kakuri, zamanin da masaƙu ke numfashi. Bayan sallar isha'i aka saka, muna zaune a kan ledar tsakar ɗaki, ƙannena duk suka yi barci, ni kuwa ko ƙifta ido ban yi ba. Ban taɓa ganin makaɗa da yawa haka a wuri ɗaya ba, kowa da kujerarsa, mutum ɗaya a tsaye da 'yar sanda yana juya su. A bayansu tsohon gini na dutse an haske shi da fitilu. Sai ga wata baƙar mace cikin jan kaya ta miƙe da gogenta a wuya, ta yi ta ja-in-ja da mai sandar nan, wanda shi ma ya ajiye sanda ya ɗauki nasa gogen. Ta ja, ya amsa, ya ja, ta amsa, kamar 'yan dambe biyu da kowa ya san hannun ɗan'uwansa. Daga baya na san sunanta Karen Briggs, shi kuma Shahrdad Rohani, mutumin Iran. Na maimaita wurin nan har zaren kaset ɗin ya naɗe a cikin bidiyo. Don tsoron faɗan kawu na kwance murfin da wuƙar kicin, na zaro zaren a hankali, na liƙe inda ya tsinke. Ranar na fara ganin cikin na'ura, kuma ga shi har yau a cikinta nake cin abinci.

Abin da na sani game da shi ke nan. An haife shi a 1954 a garin Kalamata na ƙasar Girka, ya tafi Amurka a 1972, ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Minnesota. Ba wanda ya koya masa kiɗa a aji. An yi wasan Akrofolis a watan Satumba na 1993 a dandalin Herodes Atticus da ke Atina, ginin da aka yi tun shekara ta 161 miladiyya. A 1997 ya yi a gaban Taj Mahal a Indiya, ya kuma yi a tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijin, a 2015 kuma ya yi a gindin dalar Giza a Masar.

To ga inda gizo ke saƙa. Yaran shagona duk lokacin da na saka, sai ɗaya ya ce, "Oga, wai yaushe mawaƙin zai shigo?" Sauran su fashe da dariya. Wannan na ɗauke shi yarinta. Amma kwanan baya ɗan yayata da ke jami'a ya nuna mini a wayarsa cewa a can Amurka ma abin dariya ne. Suna yi wa gashinsa da gashin bakinsa ba'a, suna karkata sunansa ya yi kama da kalmarsu ta hamma, suna cewa kiɗansa na ɗakin jiran likita ne. Wallahi abin ya sosa mini rai, kamar an zagi kawuna, wanda ya rasu shekara tara ke nan.

Tambayata biyu ce. Me mutumin nan ya yi da ya cancanci wannan? Sannan me zai hana a yi irin wannan gagarumin wasa a nan Kaduna da kayanmu, a tara kakaki da algaita da kalangu da goge da gurmi a dandali ɗaya, a haske su da fitilu a Dandalin Murtala ko a bakin kogi wajen Gamji?

Mai fiyano, Kawo:

Wa alaikumus salam, yaya. Ni kiɗa nake haɗawa a situdiyo, waƙoƙin biki da na fim, shekara goma sha ɗaya ke nan, don haka bari in faɗi abin da na fahimta, in na yi kuskure a gyara mini.

Dariyar kala biyu ce, kada ka haɗa su. Akwai ta masu ganin ido, ta gashi da fararen kaya da yadda yake tsayawa tsakanin fiyano da dama yana kaɗa kai. Tashar talabijin ta PBS a Amurka ta yi ta maimaita wasan Akrofolis a lokutan neman gudummawa, kuma ka san abin da ido ya cika gani shi yake renawa. Wannan ba ta dame ni ba.

Ta biyu ta masana kiɗa ce, kuma ita tana da ƙashi. Su a wurinsu okestira, wato wannan babban ayarin makaɗa, gida ne mai tsari, wanda aka gina a kan rubutaccen kiɗa na ɗaruruwan shekaru. Sai ga mutumin da ba ya karanta rubutun kiɗa irin nasu, da wasu alamomi da ya ƙirƙira wa kansa yake rubutawa, wanda ya taso a wata ƙungiyar kiɗan rok a Minneapolis mai suna Chameleon, ya hayo ayarin Royal Philharmonic daga Ingila ya zaunar da su a bayansa. Suna ganin aron riga ya yi. Kuma in ka zauna ka bi kiɗan a fiyano kamar yadda na yi, za ka ga ginshiƙansa kaɗan ne, su yake ta zagayawa. Yakan fara a hankali, ya yi ta hawa, ya tashi ayarin gaba ɗaya, sannan ya sauka. In ka ji biyar a jere ka san hanyar na shida. Sau biyu aka sa shi takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, bai ci ba.

Amma akwai inda nake tsaya masa. Wannan "Santorini" da kake gwada sifika da shi, gwada tafa shi da hannu ka gani. Ba zai zauna maka a huɗu ba, domin bugunsa bakwai ne. Mutanen Girka suna da wata rawar gargajiya mai bugu bakwai, uku da biyu da biyu, ana ce mata kalamatiyanos, kuma ka ji sunan garinsu a ciki. Wato abin da ya sha a nono ne ya ɗora wa ayarin Turawa, har mutanen da ba su san ana ƙirga komai ba suna kaɗa kai. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na kwana uku ina fama kafin hannuna na hagu ya yarda.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne yadda yake amfani da kayan kiɗan wasu al'ummu. Ya kawo mai busa duduk, wata 'yar'uwar algaita ta mutanen Armeniya da ake sassaƙawa daga icen afirkot. Ya kawo David Hudson da dogon bututun icen nan na asalin mutanen Ostireliya. Ya kawo mai garayar Faraguwai, Victor Espinola. Duka gwanaye ne. Amma kowa ɗan lokaci ake ba shi ya nuna bajinta, a yi tafi, ya koma ya zauna, gidan kuwa na Yanni ne, shi ya zana shi. Kamar a gayyato ka biki a ce ka sa rawaninka don hoto ya yi kyau. Kwatanta da Toumani Diabaté na Mali, Allah ya jiƙansa, da ya yi wasa da London Symphony Orchestra a 2008. A can kora ce a gaba, wato abin kiɗan nan mai tsirkiyoyi da yawa da Toumani ke kaɗawa, ita ke jan hanya, ayarin na biye da ita. Ko Youssou N'Dour da ya yi faifansa na yabon shaihunan Senegal da makaɗan Masar, har ya ci Grammy a 2005. In za mu yi koyi, ni da waɗannan zan so mu yi.

Maganar yi a Kaduna kuwa, kuɗi na farko. Yanni dala miliyan biyu ya zuba daga aljihunsa kan wasan Akrofolis. Na biyu, kayanmu ba a ɗaure su da ma'aunin fiyano ba. Na taɓa kawo mai algaita situdiyo, muka yi awa biyu ina neman inda muryarta ta zauna a fiyano, ta ƙi zama ko'ina, tana tsakanin baƙi da fari. Ƙarshe na sallame shi na danna muryar roba da ke cikin na'ura. Har yau in na tuna yadda ya naɗe algaitarsa a tsumma bai ce mini komai ba, sai in ji kunya. Laifin ba na algaita ba ne, ni ne ban san yadda zan bi ta ba.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:

Malam mai gyara, kada dariyar kowa ta dame ka. Ni ban san bugu bakwai ko takwas ba, abin da na sani zan faɗa.

Aikin dare nake yi a ɗakin yara. Akwai safiyar da za ka fito ka miƙa wa uwa ɗanta a naɗe cikin zane, sannan ka wanke hannu ka nemi abin hawa zuwa gida. A irin wannan safiya ba na iya jin waƙa mai magana. Kowace kalma sai ta taɓo wani abu. Ko gaisuwar mai keke nauyi take yi mini. Bayan na yi addu'o'ina, abin da nake sakawa a kunne daga bakin asibiti har mu haye gada shi ne "Nightingale", wanda Yanni ya yi da sarewar mutanen Sin. Ba ya tambayata komai, ba ya ba ni labarin kowa. Yana tuna mini da wani yaro Bafulatani da ke busa sarewa a bayan gidan kakata a wajen Kachia, da yamma in shanu sun doshi gida. Shi ma ba wanda yake yi wa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa yaushe mawaƙi zai shigo.

Masu cewa kiɗan ɗakin jiran likita ne, ina ganin ba su taɓa zama a ɗakin jiran likita da ciwo a zuciya ba. In sun zauna za su san wanda ya iya sanyaya wannan wuri ya yi aiki.

Dattijo, Unguwar Sarki:

Jikata ce ta karanta mini wannan zance, ita ce kuma take rubuta abin da nake faɗa.

Ɗana mai gyaran rediyo, na sa an kunna mini mutumin naka na saurara. Kiɗa ne mai tsabta, ba shi da hayaniya, kuma na ga makaɗan suna girmama juna. Ba ni da abin zargi. Amma kada ka ga laifin yaran shagonka. Kunnen Bahaushe ne da su, kuma Bahaushe bai saba da kiɗan da ba ya cewa komai ba. Mu ko bakin mutum bai buɗe ba, ganga tana magana. Mai kalangu in ya matse tsarkiya a hammata ya saki, sunan mutum yake kira da na ubansa. Mahauci yana da takensa, manomi yana da nasa a gangar noma, ɗan dambe in ya ji takensa ko yana cin tuwo sai ya tsame hannu. Kakaki in ya tashi, faɗa yake yi ga sarki nan tafe. To yaron da ya taso a haka, in ya ji kiɗa minti bakwai bai ji an kira kowa ba, dole ya zaci ba a fara ba.

Ka ce me zai hana a yi irin wannan taro a Kaduna. Ɗana, an yi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin bikin FESTAC na 1977, da aka yi hawan daba a nan garin. Mahaifina kuma ya ga wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956, shi ma a nan Kaduna. Na 1977 da idona na gani. Tun da asuba muka fita da ƙafa, muka samu wuri a jikin shinge. Kowace masarauta ta shigo da tawagarta, dawaki da raƙuma, 'yan lifida da 'yan sulke, masu tambura a kan raƙuma, masu algaita kumatunsu a kumbure kamar za su fashe, ba sa tsayawa shan iska domin ta hanci suke ja suna ci gaba da busa. Mutanen Borno da dogayen ƙahoninsu, Zazzau da nata, Kano da Katsina da Sakkwato da Bida. In kakaki goma suka tashi tare, a ƙirji kake jin su kafin kunne. Ba lasifika, ba wayar lantarki ko ɗaya a jikinsu. Kuma ba mai 'yar sanda a gaba, amma ba wanda ya taka wani, don kowa ya san ubangidansa ya san lokacinsa.

Sai dai ka sani, waɗannan kaya ba na haya ba ne. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a busa wa kowa, ba a ɗauko su don an sayar da tikiti. In kana son su a dandali sai ka bi ta fada, kuma in an ba ka, da sharaɗinsu za su zo. Goge da gurmi da kukuma da kalangu, waɗannan kam na jama'a ne. Kuma kada ka raina ƙaramin abu. Dan Maraya Jos da kuntigi kaɗai, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, ya riƙe ƙasar nan shekaru har ya rasu a 2015. Na gan shi yana wasa, mutum ɗaya a kan kujera, wuri ya yi tsit.

Abin da ke damuna shi ne masu busa algaitar da na sani a garin nan saura ƙalilan, kuma 'ya'yansu sun kama acaba da sayar da kati. In kuna da niyyar yin wani abu, ku fara da zuwa gaishe su tun suna da rai.

Ɗalibi, Rigasa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in ƙara abu ɗaya kan maganar wuraren tarihi. Wasan Taj Mahal bai tafi salin-alin ba. Manoman bakin kogin Yamuna sun tayar da ƙayar baya saboda filin da aka share don kafa dandali ya ci gonakinsu, masu kare kayan tarihi kuma suka kai ƙara har Kotun Ƙolin Indiya kan ƙara da fitilu, sai da aka gindaya sharuɗɗa sannan aka yi. To in an zo yi a bakin kogin Kaduna, a tuna akwai masu lambu a wurin.

Mai gyaran rediyo, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, jama'a. Na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya.

Baba, ranku ya daɗe, kun sauke mini wani nauyi. Da ina jin haushin yaran nan a ɓoye, ina ganin rashin kunne ne. Yau da safe da ƙaramin cikinsu ya sake tambaya, sai na ce masa ya zauna, na mayar da wurin da Karen Briggs ke ja da mai sanda, na ce ya saurara kamar kalangu biyu ne ke zance. Ya yi shiru har aka gama, sannan ya ce, "Oga, matar ce ta ci." Ni ma tun ina yaro haka na gani.

Anti ta Barnawa, Allah ya ba da lada, ya jiƙan yaran da suka riga mu. Maganarki ta tsaya mini a wuya. Ranar da aka kai kawu, da dare bayan mutane sun watse, ni ma abin da na iya saurara ke nan.

Ɗalibi, ban san wannan labari ba, kuma gaskiyarka. Surukina ma yana da lambun alayyafo a bakin kogin.

Mai fiyano, na yarda da rabin maganarka. Gaskiya ne gidan nasa ne. Amma ni a kaset ɗin nan na fara ganin baƙar mace ta tsaya a gaban ayarin Turawa kowa yana jiran hannunta, kuma ba don shi ba da ban san akwai wani abu wai shi duduk a duniya ba. Ɗan lokacin da ka raina, a wurin yaron da ke zaune a kan leda a Tudun Wada ba kaɗan ba ne. Sauran rabin kuma sai na ji Toumanin nan da kunnena, don ban taɓa jin wasan da ka ambata ba.

Ga shawara. Ranar Asabar bayan la'asar ba ni da aiki da yawa. Akwai wasu manyan sifiku biyu da na gama yi wa sabon kwail, mai su ba zai zo ɗauka ba sai Litinin. Ka zo da na Toumani a waya, ni ina da na Akrofolis, mu ji su ɗaya bayan ɗaya. In kana da lambar mai algaitar nan har yanzu, ka kira shi ka ba shi haƙuri, ka ce ya zo da ita, kuɗin motarsa a wuyana. Ina da makirfo mai kyau da na ajiye, kuma ba za mu kunna fiyano ba sai ya gama busa abin da ya ga dama. Baba, in jikarku za ta turo mini kwatancen gidan ɗaya daga cikin tsofaffin da kuka ambata, Lahadi da safe zan je da goro.